Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanata Barau Jibrin Kan Ikon Da Muka Danƙa Wa ECOWAS

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu 'yan kasuwa ne da masu dakon kaya mazauna Legas, daga Mile 12 da Agege da Alaba Rago, waɗanda abincinmu ke biyowa ta Seme ko ta Illela da Jibiya. Kujeru biyu kake riƙe da su, ta Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa da ta Mataimakin Shugaban Majalisar ECOWAS na ɗaya, kuma maganarmu ta shafi dukkansu.

Ana yawan cewa talakan Najeriya ba ya son wata ƙungiya ta sa baki a mulkin ƙasarsa. Mu ba haka muke ji a rumfuna ba. A nan Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ECOWAS ranar 28 ga Mayun 1975, kuma tun yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ɗan Najeriya ke shiga Kwatano ko Lome ba biza, ya yi kwana 90. Wannan sallama wani yanki ne na ikon ƙasa, don gwamnati ta yarda ba ita kaɗai ke cewa wa zai shigo ba, amma ba mu taɓa jin wanda ya yi kuka da shi ba. Haka harajin kwastam na bai-ɗaya kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin, da ya fara aiki a Janairun 2015, mai mataki biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Duk kayan da suka sauka Apapa ko Tin Can daga wajen yankin kuma, ana cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimarsu a ba ƙungiyar. Mai shigo da kaya kan mai saye yake ɗorawa. Ke nan mai sayen batirin tocila a Idi-Araba ma yana cikin masu ciyar da ECOWAS, ko da bai sani ba.

Kukan mutane shi ne sun biya kuɗin kaya, kayan bai iso ba. A takarda, amfanin gona da dabbobi da aikin hannu na 'yan yankin suna tsallaka iyaka ba haraji, ba a ma neman takardar shaidar asalinsu, sai ta lafiyar dabba ko ta tsiro. Kayan masana'anta kuwa sai kamfani ya nemi amincewar kwamitin ƙasa, ya nuna cewa kashi 60 na abin da aka sarrafa daga yankin yake, ko aikin da aka yi a nan ya kai kashi 30 na farashin kayan a bakin masana'anta. Kowane nau'in kaya da amincewarsa. Mai sabulu da man shafawa, in sabulun kaɗai aka amince wa, man zai biya haraji. A nan ake yawan tuntuɓe. Wani kuma ya ɗauka an yafe masa komai, sai ya isa ya tarar harajin VAT na ƙasar da ya shiga yana nan daram, don shi ba ya cikin yafiyar.

Amma babbar ɓarnar a kan titi take. Direba ya cika takardu, da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, da katin rigakafin shawara, duk da haka tsakanin Mile 2 da Seme shinge na bin shinge, kowanne da na goronsa, ba rasit. An buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme da Krake a 2018 don a duba kaya sau ɗaya, sai dai kafin mota ta isa can ta riga ta sha tatsa. Albasar Galmi da aka ɗaure a buhu ƙarƙashin tamfol ba ta san jira ba. In ta ƙara kwana biyu a rana sai ta yi gumi, ta ƙasa ta fara ruɓewa, ranar sauke kaya a Mile 12 a ga ruwa na ɗiga daga gindin mota. Shanu kuma su rame kafin su ga mayankar Oko-Oba.

Sai abin da ya fi ɓata wa jama'a rai. A Agustan 2019 gwamnatinmu ta rufe iyakokin tudu ita kaɗai, har Disamban 2020, ƙungiyar ba ta iya buɗe ko ƙofa ɗaya ba. A Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin Nijar, ƙungiyar nan dai ta rufe iyaka, ta ba da wa'adin kwana bakwai da barazanar sojoji, aka yanke wutar lantarki, motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya har Maris ɗin 2024. Wanda yake da uwa a Katsina da kawu a Maraɗi sai ya ce: ashe tana da haƙora, ranar cizo kaɗai take fito da su. Ba ma goyon bayan juyin mulki. Amma Majalisar Dattawa da kanta ta ƙi maganar yaƙi a wancan Agustan, kuma ta yi daidai. Yau ga Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice tun 29 ga Janairun 2025.

Kotun ECOWAS da ke Abuja ma haka. Tun 2005 mutum ɗaya na iya kai ƙarar gwamnati kan take haƙƙinsa, kuma a 2008 ta hukunta Nijar kan wata mata da aka bautar. A 2016 ta ce Najeriya ta saki Sambo Dasuki, ba a sake shi ba sai ƙarshen 2019. In Najeriya, uwa a ƙungiyar, ba ta bin hukunci, wa zai bi? Kuɗin bai-ɗaya na Eco kuwa an ɗage shi daga 2003 har ya kai 2020, yanzu an ce 2027. Masu canjin sefa da naira sun daina lissafi da shi.

Ga inda kujerarka ta shigo, ranka ya daɗe. Majalisar ECOWAS ta fara zama tun 2000. A rabon kujeru 115 na kafin ficewar ƙasashen uku, Najeriya ke da 35. Yarjejeniyar da ta kafa ta ta ce jama'a ne za su zaɓi wakilai kai tsaye, majalisun ƙasashe su riƙa turawa na wucin gadi kafin lokacin. Wucin gadin ya haura shekara ashirin. Turai na zaɓen 'yan majalisarta ta tarayya tun 1979, duk da haka Birtaniya ta fice bayan ƙuri'ar 2016. Ina ga mu, da in ka zagaya Agege kaf da wuya ka sami mutum biyar da suka san sunan wakili ɗaya?

Muna roƙon ka tsaya a sa ranar wannan zaɓe, a haɗa shi da babban zaɓe don kada a ce ba kuɗi. Kafin nan, a yi ƙa'idar da za ta hana rufe iyaka ko yanke wuta sai an kawo batun gaban majalisarku, kuma a keɓe abinci da magani daga kowane takunkumi. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, don haka tilasta bin hukuncin kotun nan aikin ɗaya kujerar taka ce. A fassara ƙa'idojin cinikin nan da Hausa da Yarabanci a liƙa a Seme da manyan kasuwanni, da jerin shingayen da doka ta sani. Tattaunawar da ake yi da ƙasashen Sahel uku kuma, a fara da fasfo da albasa da shanu, a rubuta a sa hannu, don a yanzu alkawarin ECOWAS na barin zirga-zirga da ciniki da su "har zuwa wani lokaci" kawai muke ɗora kaya a kai.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
'Yan kasuwa da masu dakon kaya mazauna Legas