Wasiƙar Godiya ga Gidan Talabijin na Doordarshan

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Doordarshan, birnin Delhi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni mutumin Kano ne, karatu ya kawo ni ƙasarku. Mun taso da finafinan Indiya tun muna yara, har nake ganin na san Indiya ciki da bai. Sai ranar da wani abokin karatuna ya zaunar da ni muka kalli Mirza Ghalib, wasan kwaikwayon da kuka nuna a 1988 kan rayuwar shahararren mawaƙin Urdu mai wannan suna, yana yi mini tafinta duk inda Urdu ta fi ƙarfina. Saboda wannan aiki na rubuto in ce muku na gode.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ba ku yi wa mutumin kwalliya ba. Gulzar, wanda ya rubuta wasan kuma ya ba da umarni, ya kawo mana shi da baiwarsa da rauninsa: bashi ya yi masa katutu, ga shaye-shaye, ga wahalar bin Turawan mulki kan kuɗin fansho har Kalkata. An yi masa aure yana ɗan shekara 13 da Umrao Begum, suka haifi 'ya'ya bakwai, ko ɗaya bai rayu ba. Duk wanda ya taɓa kai jariri makwancinsa ya san nauyin shirun da Naseeruddin Shah da Tanvi Azmi, waɗanda suka fito a matsayin Ghalib da matarsa, suke yi a tsakar gidan nan. Ni kam na share hawaye.

Sannan ga muryar Jagjit Singh da Chitra Singh, waɗanda suka rera waƙoƙin Ghalib a wasan. Kun bar kowane baiti ya sauka a hankali, ba gaggawa, ba hayaniyar kiɗa. Ko ban gane komai ba, kunnena yana tsintar kalmomin da Larabci ya raba mana, irin su duniya da alƙalami, sai in ji kamar a zauren malaminmu nake. Zaman mawaƙa a fadar Bahadur Shah Zafar, sarkin Delhi na ƙarshe daga daular Mughal, da 'yar tsamar da ke tsakanin Ghalib da Zauq, malamin sarki a fagen waƙa, ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda mawaƙan fada suke neman kusanci da sarki a ƙasar Hausa. Ghalib bai samu wannan matsayi ba sai da Zauq ya rasu a 1854, kuma shekara uku kacal bayan nan, a 1857, Turawa suka murƙushe tawayen da Indiyawa suka yi musu, suka tarwatsa Delhi, daga baya suka kai sarkin birnin Rangun na ƙasar Burma inda ya cika.

Wasan ne ya sa na shiga unguwar Ballimaran a tsohon birnin Delhi na nemi lungun Gali Qasim Jan, na tsaya a gidan da Ghalib ya ƙarasa rayuwarsa a 1869. Daga can na wuce unguwar Nizamuddin, na yi masa addu'a a kabarinsa.

Ina roƙon ku, ku adana wannan wasa da kyau, ku sa a fassara shi zuwa harsuna da yawa, Hausa ma tana ciki, domin akwai masu son waƙa a gida da za su so su san Ghalib. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu a aikin da alheri.

Naku mai godiya,
Ɗalibi daga Kano, mazaunin Delhi.