Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi.

A taronmu na ƙarshen bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa nauyin jawo jaruman fim da mawaƙa cikin yaƙin da muke yi da safarar mutane da cin zarafin mata ta hanyar lalata. Hujjarku ita ce, yarinyar da dillaliya ke hure wa kunne da aikatau a Saudiyya ko Oman ba ta karanta takardunmu, amma duk abin da jarumar da take ƙauna ta ɗora a TikTok sai ta kalla.

Babban taronmu ya gudana ranar 30 ga Yuli, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da safarar mutane. Wata jarumar Kannywood da wani mawaƙi sun amsa gayyatarmu, zauren ya cika ba masaka tsinke. Sai dai mun tafka kuskure, kuma laifin namu ne: mun sa su yi magana tun da farko. Suna miƙewa jama'a suka bi su waje ɗaukar hoto. Lauyar da muka gayyato ta yi bayanin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, wadda aka kafa a 2003 aka sabunta dokarta a 2015, da yadda ake ƙwace fasfon yarinya a ɗora mata bashin da ba ya biyuwa, amma kujeru ta yi wa jawabi.

Abin da ya fi amfani bai ci mana kuɗi ba. Jarumar ta naɗa mana gajerun saƙonnin murya, muka watsa a zaurukan WhatsApp na mata. A ɗaya daga ciki ta ba da labarin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamadar arewacin Nijar a watan Oktoban 2013, akasarinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, suna kan hanyar Aljeriya. Mun zaɓi wannan labari da gangan, domin tun da gwamnatin Nijar ta soke dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, motoci sun koma tashi daga Agadas a fili. Bayan saƙonnin nan ne iyaye mata suka fara zuwa ofis da kansu, wata da lambar wayar da ta daina shiga, wata da hoton 'yarta kawai. Duk wanda maganarsa ta shafi safara mun raka shi ofishin NAPTIP.

A kwanaki 16 na gangamin yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, labari ya sha bamban. Duk tauraron da muka tuntuɓa sai ya ce yana wurin ɗaukar fim. Ban ga laifinsu ƙwarai ba. Mai safarar mutane baƙo ne, zaginsa ba ya ɓata wa kowa abinci. Mai lalata da ɗaliba ko da 'yar neman aiki kuwa yana iya zama malami, ko oga, ko wanda ke raba aiki a masana'antar. Kowa ya tuna ruwan zagin da matan ArewaMeToo, gangamin fallasa masu lalata da mata da aka yi a kafafen sada zumunta a Arewa, suka sha a 2019. Da lauyoyi mata da ɗalibai muka yi zaman, ba kyamara, kuma a nan ne muka ji abin da ba a faɗa a kan dandamali.

An kawo shawarar a naɗa wani tauraro jakadan ƙungiya, kwamiti bai amince ba. Jarumin fim Ashton Kutcher na Amurka ya shafe shekaru yana yaƙi da lalata da ƙananan yara, amma a 2023 ya sauka daga shugabancin hukumar gudanarwar ƙungiyar Thorn da aka kafa da shi, bayan an gano ya rubuta wa alƙali wasiƙar neman sassauci ga abokinsa da aka samu da laifin fyaɗe. Ƙaramar ƙungiya irin tamu ba za ta iya ɗaukar irin wannan kaya ba. Aiki-aiki za mu riƙa yi da taurarin, kowane da yarjejeniyarsa a rubuce.

Batun kuɗi, ma'aji zai karanto dalla-dalla. A taƙaice taron Yuli ne ya cinye mafi yawa: baƙin namu ba su karɓi ko sisi ba, amma 'yan rakiyarsu sun ci sun sha. A shekara mai zuwa muna neman amincewarku mu bar hayar zaure, mu koma tashoshin mota da rediyo. Masu bashin kuɗin wata-wata don Allah su ga ma'aji kafin a tashi.

Sakatariyar ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa