Wasiƙa zuwa Alƙahira: sabuwar kwamfuta ta iso gida

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Mu nan Kano sai godiya. Hajiya tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo hutu.

Albishirinka! Goron ka ajiye min har ka dawo. Allah ya nufa na sayi kwamfutar tebur, sabuwa dal a kwalinta, yau kwananta tara a ɗakina. Ka san tsohuwar laftof ɗin nan da muka yi aikin kammala digiri da ita. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma batirinta ya mutu, fankarta kuma tana ƙara kamar injin markaɗe. Abin da ya ƙarasa ta shi ne Microsoft sun daina sabunta Windows 10, babbar manhajar da take aiki da ita, tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa ba ta da guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, wanda sai da shi ake hawa Windows 11. Sai na haɗa kuɗin adashi da ɗan abin da na tara, na nufi Titin Beirut.

Masu shago sun so in ɗauki wata laftof, wai ita ake yayi. Na ce a'a. Aikina na zama ne, kuma ta tebur idan wani abu ya lalace a cikinta, murfi kawai za a buɗe a sauya shi. Wadda na ɗauka ƙwaƙwalwarta samfurin Core i5 ce, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gigabait 16, da allo mai inci 24.

Wallahi ranar farko sai da na yi shiru. Na danna maɓalli, na juya zan ɗauko kofin shayi, kafin in waiwayo har ta gama tashi tana jirana. Ka tuna yadda muke kunna waccan mu tafi alwala mu dawo ba ta shirya ba? Sirrin a ma'adanarta yake. Tsohuwar tana da faifai mai juyawa da allura mai bin sa, wannan kuwa SSD ce, babu abin da ke motsi a ciki. Shi ya sa ko ƙararta ba na ji sai na kasa kunne.

Amma abin da ya fi faranta min rai ba saurin ba ne. Na shiga saitin harshe na ƙara madannan Hausa, yanzu idan na danne Alt na hannun dama na taɓa k, sai ƙ ta fito da lanƙwasarta, haka ɗ da ɓ. Ka san abin da wannan yake nufi a gare ni. Littattafan waƙoƙin marigayi Baba na ajami suna cikin adaka shekara da shekaru, gara ta fara cin gefen wasu. Kowane dare bayan isha'i nakan baje ɗaya a gabana, in raba allon biyu, hoton shafin a dama, bokon da nake bugawa a hagu. Ranar Laraba na kai wani baiti da ya yi wa mahaifiyarsa, na karanta wa Hajiya, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta gyara min kalma ɗaya da na karanta ba daidai ba. Shafi goma sha bakwai na gama zuwa yanzu.

Damuwata biyu ce. Ta farko wuta. Ita ba ta da batir, ana ɗaukewa take mutuwa, kuma a kwana na biyu na rasa aikin kusan awa guda saboda haka. Washegari na koma na sayo UPS, wanda ke riƙe ta na 'yan mintoci har in adana abin da na rubuta in kashe. Na haɗa da sitabilaiza saboda wutar unguwarmu wani lokaci da ƙarfi take dawowa. Ta biyu ƙurar hunturu, wadda ba ta jin rufe taga. Ƙanwata ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa, da na kashe ta ta huce sai in lulluɓe.

Ina da roƙo. Akwai baitocin Larabci da Baba ya cusa a tsakiyar wasu waƙoƙin, rubutun ya dushe, kuma Larabcina bai kai can ba. Zan turo maka hotunansu ta WhatsApp, ka duba min idan ka samu sarari, ko ka nuna wa wani cikin malamanka. Kada ka takura kanka lokacin jarrabawa.

Ka gaida abokan zamanka. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Amininka na Kano