Roƙon Tallafi: Zaizayar Ƙasa Ta Iso Katangar Islamiyyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan'uwa, duk wanda ya bi ta bayan makarantar Islamiyyarmu tun ruwan makon jiya ya gane wa idonsa. Zaizayar ƙasa ta ci har gindin katanga, harsashin ginin ya fito fili. Bangon ajin ƙananan yara ya tsage daga taga zuwa ƙasa, har hannu yana shiga. Malamarsu ta kwashe su daga wannan gefe, yanzu a cunkushe suke karatu a bakin ƙofa. Idan aka ƙara ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Aikin da ake bukata shi ne a cike ramin da duwatsu, a yi wa ruwa hanya, a dasa itatuwa da ciyawa, domin saiwa ce ke riƙe ƙasa. Dashe kuwa ba ya kamawa sai da shinge da ban ruwa har ya tsallake ranin farko.

Mun san abin da ke ranku. Bara waccan wata ƙungiyar kare muhalli ta zo, kuka bayar hannu sake, har da iyaye mata da suka kawo ɗan abin da suka daɗe suna tarawa. Allah ya saka muku da alheri. Aka dasa, aka ɗauki hotuna, aka tafi. Ba shinge, ba mai ban ruwa. Dabbobi suka cinye wasu, rana ta ƙone sauran. Mun rubuta musu muna neman bayanin yadda aka kashe kuɗin, har yau ko rasit ɗaya ba mu gani ba. Mu ma da laifinmu, da muka miƙa amanarku ba a rubuce ba, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take da rubuta bashi da kafa shaidu. Muna neman afuwarku.

Wannan karo kuɗin a asusun makaranta zai zauna. Ba za a cire ko sisi ba sai mutum biyu sun sa hannu, kuma kowace Juma'a za a liƙa lissafi a allon sanarwa.

Don Allah kada cutar da aka yi mana ta zama hujjar naɗe hannu. 'Ya'yanmu ne a cikin ajin nan, amma da yawanmu sai mu leƙa ramin, mu ce "Allah ya kyauta", mu wuce. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya yi dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, za a rubuta masa sadaka.

Wanda ba shi da kuɗi ya kawo dutse ko shebur, ko ya zo da ƙarfinsa ranar Asabar da safe. Ma'aji yana nan bayan kowace salla, da littafin rasit a hannunsa.

Wassalam.
Kwamitin Makaranta