Daga Zariya: maganar Auta da aikin ƙugun ƙanwarka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Mancesta, ya madam da yara, ya ƙoƙari? Mu nan hazo ya sauko sosai, da asuba in ka fito layinmu a Tudun Wada ko masallacin bakin titi baka hangowa, kowa leɓe a tsage. Inna tana gaishe ka, tace har yanzu bata ga hoton jaririyar ba. Kayi haƙuri da jinkirin amsa, saƙon muryarka na saurare shi har sau uku naga ba maganar da ake amsawa a tsaye bace, shi yasa na bari sai yau asabar da babu makaranta na zauna in rubuto maka a tsanake.

Ka tambayi jikin Auta, ka kuma nemi shawara akan aikin canjin ƙugun ƙanwarka mai sikila. Bari in fara da Auta, dan abinda na gani a kansa shi zan ɗora maka akan nata.

Ranar talata ni na raka su asibitin Shika shi da Yaya, muka hau ɗan sahu daga Kwangila tun bakwai bata yi ba. Shekararsa sha huɗu yanzu, kuma in ka kalli fuskarsa wallahi baza kace wannan ne yaron da muke rufawa mayafi in za'a fita dashi ba saboda kallon mutane. Alhamdulillah. Sai dai shi ne mafi gajarta a ajinsu, wandon sallar shekaran bara har yau yana shigarsa daidai. Likitar ta tsayar dashi jikin bango ta auna tsayinsa, ta hau dashi sikeli, ta tambayi tsayin babansa, sannan ta rage murya ta tambayi Yaya ko muryarsa ta fara buɗewa.

Kasan lokacin da abin ya fara kana shirin tafiya, ban taɓa baka labarin duka ba. Yana shekara bakwai kumatunsa na hagu ya ɗan tasa, aka ce hangum ne, aka shafa abinda ake shafawa. Sai haƙoransa na ciki suka fara girgiɗa, wani mai kemis ya cire guda ɗaya yace shi ne matsalar. Mutumina cikin sati biyu kumburin ya kai girman lemu yana tura idon sama. Maƙwabta suka cika gidan, kowa da maganar da ka sani, wai daji ne kuma daji baya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi yaɗuwa yake. Ni dai a ganina wannan maganar ta cinye mana yara fiye da yadda muke tsammani, dan ita take riƙe uwa a gida wata biyu wata uku ana jiƙe-jiƙe. Yaya ta toshe kunnenta muka tafi asibiti, aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ce kansar Burkitt ce.

Sai daga baya na zauna na karanta waye mai sunan. Denis Burkitt likitan fiɗa ne da yayi aiki a asibitin Mulago a Kampala, shi ya fara bayanin cutar a rubuce a 1958 bayan ya ga yara da kumburin muƙamuƙi iri ɗaya. Abinda ya burge ni dashi, bashi da wasu manyan na'urori, takardun tambaya ya dinga aikawa asibitocin Afirka, daga baya ya hau mota yabi asibitocin mishan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko suna ganin irin wannan kumburin, yana sa alama a taswira. Da taswirar ta cika sai ga shi cutar tafi yawa a wuraren zafi da damshi, wato inda sauro yafi ƙarfi. A 1964 kuma a Landan su Epstein da Barr da Achong suka gano wani bairos, wato ƙwayar cuta, a cikin naman da ake aiko musu daga Yuganda, shi ne bairos na farko da aka danganta da kansa a jikin ɗan adam. Kusan kowa yana ɗauke dashi tun yarinta ba tare da ya sani ba, amma in ya haɗu da maleriya mai yawan dawowa sai garkuwar jikin yaro tayi rauni, a wasu yaran ƙalilan abin ya rikiɗe. Tun daga ranar na daina wasa da gidan sauro a gidana.

Tana cikin kansar da tafi kowacce saurin girma, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙwayoyinta kan ninka, kuma wannan saurin ne yasa magani yake kama ta da kyau. Kemo na farko da aka sa masa, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar, sati bai cika ba kumburin ya sace kamar an huda balan-balan. To anan tarkon yake. Gadon kusa da namu akwai wani yaro daga wani ƙauye ta hanyar Giwa, babansa manomi ne, masararsa ya sayar ya kawo shi, mutum mai kirki, tare muke shan koko da safe a bakin get. Bayan zagaye na biyu yaga fuskar ɗansa ta dawo, kuɗi sun ƙare, ga damina ta faɗi, yace zai je ya dawo. Sun dawo bayan wata huɗu ciki a kumbure, ƙafafu basa ɗaukarsa. Bai yi sati ba. Allah ya jiƙansa. Bana ganin laifin uban ko kaɗan, nasan nawa muka kashe mu da muke da albashi kuma mu huɗu muke haɗawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace duk shekara yara da matasa kusan 400,000 ne suke kamuwa da kansa. A ƙasashe masu arziƙi sama da 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa basu kai 30 ba. Magungunan kuma tsofaffi ne, irinsu vincristine da methotrexate da cyclophosphamide sun haura shekara hamsin ana amfani dasu, abinda yake kashe namu zuwa a makare ne da yanke magani a tsakiya da rashin jini da ƙwayoyin cuta in garkuwa ta faɗi. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu tsira zuwa 60 cikin 100 kafin 2030, Burkitt tana cikin kansa shida da suka sa a gaba, tare da ta ƙoda mai kumbura ciki da ta ido wadda zaka ga tsakiyar idon yaro yana fari kamar idon mage da dare.

Yanzu ga inda nake so ka kula. Mu da aka sallame mu muka yanka rago mun ɗauka an gama. Likitar nan ta ranar talata ita ta zaunar damu ta mana bayani cewa yaron da ya sha kemo bin sa ake har ya girma, saboda maganin da ya kashe cutar yakan taɓa wuraren da suke samar da sinadaran homon, masu kula da tsayi da balaga da haihuwa da ƙarfin jiki. Wanda aka haska wa na'urar ƙona cutar a kai, ɗan ƙullutun dake ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai bada homon ɗin girma yakan samu matsala. Wanda aka haska a wuya sai tayirod, wurin da maƙoƙo yake fitowa. Cyclophosphamide in yayi yawa yakan taɓa haihuwa. A Amurka tun 1994 suke bin dubban waɗanda suka warke daga kansar yarinta, sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna sama da 60 cikin 100 suna da aƙalla wata lalura mai daɗewa bayan sun girma. Ba dan sun bi su suna rubutawa ba da babu wanda zai sani, kuma saboda wannan sanin ne aka rage haska kan yara masu kansar jini sosai.

Shi Auta ba'a haska shi ba, dan haka tace mu kwantar da hankali, wasu yaran dama jinkirin tasowa suke. Ta rubuta gwajin jini na tayirod da hoton hannunsa na hagu, wai daga ƙasusuwan hannu ake gane shekarun ƙashi ko sun yi daidai da shekarun haihuwa. Nan da sati biyu zamu koma. In tayirod ce ma ƙwaya ɗaya ce kullum da safe kuma bata da tsada.

Amma abinda yasa idona ya ciko, da ta tambayi wane magani aka bashi kuma nawa, sai Yaya ta buɗe jaka ta ciro wani tsohon littafin rubutu mai warƙa sittin, bangonsa ya sha selotef, gefe ɗaya manja ya taɓa shi. Duk ranar da aka sa masa kemo ta rubuta, sunan maganin ta kwafo daga jikin kwalba harafi bayan harafi ita da ko sakandare bata gama ba, da ranar ƙarin jini, da ranar allurar gadon baya, da nauyinsa a lokacin. Likitar ta daɗe tana buɗawa, ta kira wani ƙaramin likita tace zo ka gani, ta ɗauki hoton kowane shafi da wayarta.

To maganar ƙanwarka. Naje na duba ta jiya kamar yadda ka ce, ta rame kaɗan amma tana cin abinci, sallah a kujera take yi, ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta har ana gani in ta miƙe. Abinda aka faɗa muku haka yake, a masu sikila jini yakan daina isa kan ƙashin cinya, kan ya mutu ya lotse, sai gaɓar ta dinga gogar juna. Irinsa yana samun yaran da suka sha maganin siteroyid mai yawa a jinyar kansar jini. In an kama da wuri akwai ƙaramin aiki na huda ƙashin, amma in kan ya riga ya lotse canjin gaɓar ne mafita, kuma aiki ne mai kyau, mutane suna tashi suyi tafiya ba ciwo. Ina goyon baya ayi, kar a tsaya jira.

Wanda ya gyara wannan aikin ma maƙwabcinka ne, John Charnley, a asibitin Wrightington kusa da Wigan. Da farko da robar Teflon yayi, ya cinye cikin 'yan shekaru a jikin ɗaruruwan mutane, ya dawo dasu ya sake musu, a 1962 ya koma wata roba mai tauri wadda har yau danginta ake sawa. Mutumin har roƙon majinyatansa yake in sun mutu a bashi gaɓar ya duba yadda ta ci. Suwidin ta buɗe rajistar ƙugu ta ƙasa a 1979, Ingila da Wales a 2003, ana rubuta wane ƙarfe aka sa wa wa da yaushe ya lalace. Irin wannan rajistar ce a Ostareliya da Ingila ta tona asirin ƙugun ASR na kamfanin DePuy, wanda ƙarfe ne yake gogar ƙarfe yana zubar da ɓurɓushin kobalt da kromiyom cikin nama da jini. An janye shi a Agustan 2010 bayan an sa wa mutane kusan 93,000 a duniya. A Indiya kusan 4,700 aka sa wa, da aka tashi nemansu mafi yawa ba'a same su ba saboda babu rajista.

Shi yasa da kace Indiya ko Masar gabana ya ɗan faɗi. Akwai ƙwararru acan ba musu, amma sati uku zata yi ta dawo, in wurin ya ɗau zafi bayan wata shida wa zata nuna wa? Mai sikila tafi sauran mutane haɗarin ciwon ya kama ƙwayoyin cuta, ƙashinta ta ciki yakan tsuke yayi tauri, tana buƙatar likitan jini a kusa tun kafin aiki, a tanadi jini, a kula da ruwa da iskar oksijin da ɗumin jiki kar ciwon ya tashi. Ni da zaku ji tawa ku fara zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano ko nan Shika kuji ta bakinsu, ku tambayi likitan kai tsaye masu sikila nawa ya yiwa wannan aikin. Shekararta ashirin da shida. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 na ƙugun da aka canza suna kai shekara 25, kaga ita sai an sa rai da aiki na biyu watarana, kuma likitan da zai yi na biyun dole yasan me na farko ya sa.

Dan haka ko ina aka yi, dan Allah kar ku bar asibitin sai an baku takardar aikin da sitikar dake jikin kwalin ƙarfen, mai sunan kamfani da lamba da girma, ku tambaya tangaran ne akan roba ko ƙarfe akan roba, da siminti aka kafa ko babu. Na riga na siyo mata littafi a Sabon Gari na kai mata, Yaya tace ranar laraba zata je ta nuna mata yadda ta tsara nata, a fara da ranakun ƙarin jinin da Mama take iya tunawa.

Ka turo min hoton ƙugun na ƙarshe da kace yana wayarka, da sakamakon awon jininta, in buga su kafin litinin dan ina so in karɓo mata kati da wuri. Kuɗin da ka turo na gwajin Auta sun shigo, Yaya tayi ta addu'a, Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Auta yace in tuna maka rigar ƙwallon da kayi masa alƙawari, ka siyo wadda ta ɗan fi shi girma.

Ka gaida madam, ka shafa min kan yara.

Naka,
abokinka na Tudun Wada