Wasiƙar godiya ga sashen cututtukan mafitsara na asibitin koyarwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaban sashe da likitocin da ke ƙarƙashinsa, da ma'aikatan jinya maza da mata, da ma'aikatan ɗakin magani, da masu ba da kati, har da masu shara da goge-goge.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ni dattijo ne, malamin firamare mai ritaya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda kuke yi wa maganin sankarar mafitsara. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ba ni da abin da zan biya ku da shi, shi ya sa na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a, ko wani mai irin ciwona zai karanta ya samu ƙarfin zuwa.

Abin da ya kawo ni wurinku jini ne a fitsari, ba zafi ba raɗaɗi. A wajenmu duk wanda ya yi wanka a rafi ko kududdufi yana yaro ya san tsargiya, don haka ganin jini a fitsari ba ya tayar wa mutum da hankali yadda ya kamata. Likitan da ya fara ganina ya tambaye ni ko na yi tsargiya, na ce na yi. Ya tambaya ko ina shan taba, ya ce ita ce kan gaba wajen haddasa wannan ciwo a duniya. Amma bai tsaya a nan ya rubuta mini ƙwayoyi ya sallame ni ba. Ya ce mai shekaruna idan ya ga jini, sai an leƙa cikin mafitsarar da na'ura mai kyamara. Aka leƙa, aka ga tsiro. Aka kankare shi ta mafitar fitsari ba tare da an yanka cikina ba, aka aika da shi ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna ciwon yana kan shimfiɗar ciki ne, bai kai ga naman bangon mafitsarar ba, sai dai irin mai komowa ne idan aka bar shi haka.

Ranar da aka ce za a fara zuba mini wani magani mai suna BCG a mafitsara ita ce ranar da na san irin mutanen da na faɗa hannunsu. Likita ya ce in naɗe hannun rigata na hagu, ya nuna mini tabon da ke damtsena, ya ce, "Baba, ka san wannan?" Na ce tabon rigakafin tarin fuka ne, jikokina ma duk suna da shi. Ya ce to wannan ƙwayar ce za a zuba a mafitsara. Ya juya bayan wata takarda ya zana mini mafitsara da biro, ya yi mini bayani da Hausa tiryan-tiryan. Wasu masana biyu na Faransa, Albert Calmette da Camille Guérin, su suka yi shekaru suna raunana ƙwayar tarin fukan shanu a birnin Lille har ta zama rigakafi, aka fara ba ɗan Adam a 1921. Sai a 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya wallafa cewa zuba ta a mafitsara yana rage dawowar sankara. Ita kanta ba ta kashe sankarar. Abin da take yi shi ne ta tada garkuwar jiki, kamar yadda ake buga gangar yekuwa cikin dare gari ya farka, waɗanda suka fito neman baƙon da ya shigo su yi kiciɓis da ɓarawon da ya daɗe a ɓoye. Wannan bayani ya yi mini rana daga baya, domin duk lokacin da zafi ya tsananta na san ba ciwon ne ke ci gaba ba, jikina ne ke aiki.

Tsarin shi ne sau ɗaya a mako har mako shida. Mutum zai rage shan ruwa na 'yan sa'o'i kafin ya zo, a auna fitsarinsa, a zura siririyar roba ta mafitar fitsari, a zuba maganin, a cire robar, sannan ya riƙe fitsari har awa biyu. A baki abin da sauƙi. Amma duk Bahaushen da ya manyanta ya san inda nauyin yake. Mutumin da ko a gaban 'ya'yansa bai taɓa zama ba riga ba, a ce ya buɗe al'aurarsa kowane mako a gaban sa'o'in 'ya'yansa, wannan kaɗai ya isa ya sa wasu su haƙura da maganin su koma gida su jira abin da Allah zai yi. Na san waɗanda suka yi hakan.

Ku kun san da wannan nauyi, kuma kun ɗauke mana shi. Ba sai da na roƙa ba aka haɗa ni da nas namiji. Yakan ja labule ruf, ya lulluɓe ni da zane ya bar iya wurin da aiki ya shafa, ya ce, "Baba, sannu. Ka yi bismillah, ka saki jikinka, ka ja numfashi a hankali." Idan ɗalibai suna nan, sai an tambaye ni ko na yarda su tsaya, kuma ranar da na ce a'a ba wanda ya ɓata rai. Ban taɓa jin an ɗaga murya a baranda an ambaci ciwona ba. Wanda bai kwanta a kan wannan gado ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ni dai shi ya sa ban fasa zuwa ba.

Haka kuma batun komawa gida. Ƙwayar mai rai ce, don haka na awa shida bayan an zuba ta akwai ƙa'idoji: a yi fitsari a zaune ko a tsugune don kada ya fantsama, a zuba bilic a masai a bar shi kamar minti 15 kafin a kora da ruwa, a wanke hannu da gaba da sabulu, sannan a sha ruwa da yawa. Babbar sistar sashen ba ta miƙa mini takarda kawai ba. Ta tambaye ni wane irin banɗaki ne a gidana, mutum nawa ke shiga, akwai ƙananan yara ko mai juna biyu. Da ta ji yadda gidan yake, ta ce in ware butata, kuma ranar magani a hana yara shiga har sai an wanke wurin. Sannan ta ce in zo da maiɗakina. Ta keɓe da ita, mace da mace, ta gaya mata ba tarin fuka aka sa wa mijinta ba, ba a ɗauka ta kwano ko ta tabarma, ba sai an ware mini cokali ba. Abin da ya shafi kwanciyar aure da 'yan kwanakin da za a kiyaye, da amfani da kwaroron roba, ita ta yi mata bayaninsa. Da ni aka bar wa wannan magana, ban san ta inda zan fara ba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, maganin yana da wahala. Fitsari yana ƙuna kamar wuta, yana matsowa kowane ɗan lokaci, wani zubin da ɗan jini. Da yamma jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su yi ciwo, ɗan zazzaɓi ya rufe mutum, ya ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya sake shi. Makonnin baya sun fi na farko tsanani, kuma kun gaya mini haka tun kafin ya faru. Abin da ya fi damuna shi ne salla. Alwala ba ta tsayawa, jam'i ya gagara a waɗannan kwanaki, zuciya ta yi ta saƙe-saƙe a kan tsarki. Da na kai kukana, likita bai mai da kansa mai fatawa ba. Ya ce, "Abin da ke faruwa a jikinka ni zan gaya maka, hukuncin kuwa ka kai wa malaminka." Ya bayyana mini cewa matsowar ta 'yan kwanaki ce, na kai wa liman, shi kuma ya karanta mini sauƙin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari da mara lafiya. Da watan azumi ya gabato ma haka aka yi: kuka faɗa mini gaskiya cewa bayan zuba magani jiki yana buƙatar ruwa sosai, muka zauna aka duba ranakun tare.

Kun kuma koya mini bambanci tsakanin wahalar da ake jurewa da wadda ba a jira da ita. Aka sa na sayi ma'aunin zafin jiki, aka ce idan zafin ya haura digiri 38.5, ko sanyi ya kama ni ina karkarwa, ko zazzaɓin ya ƙi sauka bayan kwana biyu, kada in sha maganin maleriya in kwanta, in zo nan take in ce BCG ake zuba mini. Aka ba ni lambar waya. Na taɓa kira cikin dare ina ɗar-ɗar, ƙaramin likitan da ke kan aiki ya ɗauka, ya yi mini tambayoyi cikin natsuwa, da safe kuma shi ya kira ya ji yadda na kwana.

Akwai makon da na zo daga nesa, na kashe kuɗin mota, aka auna fitsari aka ga jini da alamar ƙwayoyin cuta, aka ce yau ba za a zuba ba. Raina bai so ba. Nas ya zaunar da ni ya ce idan akwai rauni a hanya, ƙwayar tana iya shiga jini ta zama babbar cuta, gara a jinkirta mako guda. Ya fi muku sauƙi ku zuba ku sallame ni, amma ba ku yi ba. Na gode da wannan ƙin.

Ma'aikatan ɗakin magani su ma suna da kaso babba. Wannan magani yana da tsada kuma yana wuyar samu, ba a ƙasarmu kaɗai ba. Tun da wata babbar masana'antarsa da ke Toronto ta dakatar da aiki a 2012 duniya take fama da ƙarancinsa, har a Amurka da Turai. Ga shi dole a adana shi cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas. Mai harhaɗa maganin ya ƙi yarda a fara sai da ya tabbatar kwalabe shidan suna hannu, don kada a tsaya a tsakiya. Na ga da idona yadda ake kawo kwalbar cikin kula mai ƙanƙara, a nuna mini sunana da ranar ƙarewar aikinta kafin a haɗa.

Yanzu ina matakin ɗorawa, wato mako uku-uku a wata na uku da na shida, sannan bayan kowane wata shida, abin da kan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon yadda likita ya gani. Ana leƙa mafitsarar kowane wata uku, kuma zuwa yanzu, alhamdu lillahi, ba a ga komai ba. A wannan mataki ne mutane suke yankewa, saboda sun ji sauƙi ko aljihu ya gaza. Yarinyar da ke teburin kati tana da littafi, idan ranar mutum ta matso ta kira shi, idan bai zo ba ta sake kira. 'Yata, Allah ya yi miki albarka.

Ina da roƙo. A bencin jira ina haɗuwa da manoman rani da masunta waɗanda ba su zo ba sai da ciwon ya ci bangon mafitsara, lokacin da BCG ba ta da abin da za ta yi musu. Da yawansu tsargiya ce ta yi shekaru a jikinsu har ta rikiɗe ta zama sankara. Ina roƙonku ku shiga gidajen rediyo ku faɗa da irin Hausar da kuka yi mini, cewa babba idan ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ya je a duba shi. Ina kuma roƙon hukumar asibiti da gwamnati su ƙara muku ma'aikata, su sa wannan magani cikin waɗanda ake tallafa wa talaka a kansu, domin na ga wanda ya fara ya kasa ƙarasawa saboda kuɗi.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a, ya ba sauran majinyata lafiya. Amin.

Naku,
Majinyacinku, malamin makaranta mai ritaya.