Wasiƙa zuwa ga ɗana, bayan tafiyar jikokina

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira ka, domin maganar da ke raina tana bukatar a karanta ta a natse, kuma ka san duk sanda muka yi waya ba ma wuce gaisuwa da tambayar jiki kafin wani aiki ya ɗauke maka hankali.

Bari in fara da labarin gida. An yi wa mahaifinka aikin yanar idonsa na hagu, kuma an dace. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Likita ya yi mana bayanin cewa ɗan madubin da ke cikin ido ne yake yin hazo idan shekaru suka ja, sai a cire shi a sa na roba a gurbinsa. Ranar da aka kwance masa bandeji, abin da ya fara nema shi ne hoton jikokinsa da ke rataye a ɗaki, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce sai yanzu ya ga cewa babbar 'yarka goshin mahaifiyarsa ta ɗauko. Gwiwata ta yi sauƙi. Ƙanwarka tana nan da nauyinta, watanta ya kusa kamawa, sai ku sa ta cikin addu'a.

Tun da yaran suka tafi gidan ya yi mana faɗi. Babbar ta bar mini haƙorinta da ya faɗi, na naɗe shi a takarda kamar yadda ta roƙa. Ta sha kuka a ranar, tana tsammanin giɓin ya zauna ke nan, sai da na zaunar da ita na gaya mata cewa haƙoran yarinta guda 20 ne, suna fara zuba ne daga wajen shekara 6, kuma manya guda 32 za su maye gurbinsu sannu a hankali. Shi kuwa auta, na lura uwarsa tana damuwa da cewa ya cika wata 14 bai fara tafiya ba. Ka kwantar mata da hankali. Yara sukan fara takawa ne tsakanin wata 9 zuwa wata 18, kuma yaron da na gani yana dafa bango yana zagaye ɗaki ba shi da nisa da sakin hannu.

Maganar na tsakiyan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A daren da za ku tafi da safe, ya shigo da gudu zai ba ka labarin sheƙar tsuntsun da ya gano a bayan gida. Kalmar farko ta maƙale masa, ya maimaita ta sau huɗu ko biyar, kai kuma idonka yana kan waya, sai ka ƙarasa masa kalmar, ka ce ya nutsu ya yi magana sosai, ba ka son wannan wasan. Ya tsaya jim, ya ce shi ke nan, ya juya ya fita. Na san ba ka yi haka da wata manufa ba, a gajiye kake, kuma wataƙila ma ka manta da faruwar abin. Amma ni fuskarsa nake kallo a lokacin. Daga baya da na kwantar da shi, shi ya ba ni labarin tun daga farko har ƙarshe: ƙwai nawa ya ƙirga, yadda uwar ta tashi da ta gan shi, da yadda ya hana yayarsa taɓawa. Ya yi tuntuɓe a wurare da dama, na yi shiru na jira shi, kuma ya kai ƙarshen labarinsa. Da ya gama sai ya tambaye ni ko Baba yana jin haushinsa ne idan bakinsa ya tsaya. Wannan tambayar ce ta hana ni barci.

Ɗana, yaron nan in'ina yake yi, ba wasa ba ne kuma ba shagwaɓa ba ce. Shekara 31 na yi ina koyar da ƙananan yara, masu irin wannan lalura da yawa sun ratsa ta hannuna, kuma na nemi sanin abin gwargwadon iko. In'ina takan fara bayyana ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, lokacin da kalmomi suke zuwa wa yaro da gudu fiye da yadda bakinsa ya saba tsara su. Kimanin yaro 1 cikin 20 yakan yi ta na wani lokaci, kuma kusan 3 cikin 4 daga cikinsu takan sake su tun suna ƙanana. Waɗanda take bi har girma ba su wuce kimanin mutum 1 cikin 100 ba, kuma maza sun fi mata yawa a cikinsu. Tana bin jini, kai ma shaida ne, domin kawunka da ita ya rayu har Allah Ya yi masa rasuwa, kuma ba ta hana shi zama mutumin da ake shiru idan zai yi magana ba. Firgita ba ta haddasa ta, ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Abin da iyaye suke da hannu a ciki shi ne tsoron da kan biyo bayanta, domin yaron da ya fahimci cewa ana ƙosawa da maganarsa yakan fara kokawa da kalma, kokawar kuma ta ƙara ɗaure ta, daga nan sai ya koma guje wa magana gaba ɗaya.

Na san wannan ne ta hanya mai ɗaci. A farkon aikina akwai wani yaro a ajina da nake tayarwa kullum ya yi karatu a gaban 'yan'uwansa, ina ganin yawan yi ne zai warware masa harshe, ina kuma kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin zangon ya ƙare yaron ya daina ɗaga hannu, ko da ya san amsa. Takardunsa na jarrabawa suna cikin mafi kyau a ajin, amma muryarsa ban ƙara jin ta ba sai da dole. Fiye da shekara 40 ke nan, har yau idan na tuna shi sai in nemi gafarar Allah. Ba na son ka wayi gari da irin wannan nauyin game da ɗan cikinka.

Abin da nake roƙonka ba mai wuya ba ne, sai dai yana cin haƙuri. Idan ya zo maka da magana, ka ajiye abin da ke hannunka ka dube shi, ka bar shi ya ƙarasa da kansa komai daɗewar da zai yi. Kada ka ce masa ya ja numfashi, ko ya sassauta, ko ya sake daga farko, domin duk waɗannan suna sanar da shi cewa yadda yake faɗa ake saurare, ba abin da yake faɗa ba. Kai ne za ka rage saurin taka maganar idan kana tare da shi, ka riƙa ɗan dakatawa kafin ka amsa, zai kwaikwaye ka ba tare da an umarce shi ba. Ka rage jero masa tambayoyi. Idan ya gama, ka amsa masa kan tsuntsun, ko makarantar, ko duk abin da ya kawo. Idan kuma shi da kansa ya yi kukan cewa bakinsa yana tsayawa, kada ka musa masa, ka ce ka gani, kuma kana nan kana jira. Yayarsa ma a ja mata kunne cikin lumana, na ji ta sau biyu tana kwaikwayonsa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a kafa doka ga kowa a gidan cewa ba a katse mai magana, babba ne ko yaro.

Uwarsa ta ce abin ya kai wata 8 da farawa. Masana sukan ba da shawarar a nemi ƙwararren mai gyaran magana idan in'ina ta wuce wata 6 zuwa shekara, musamman ga yaro namiji da ke da ita a dangi, kuma taimakon ya fi tasiri kafin yaro ya yi nisa a makaranta. Ka tambayi likitan yaran ya haɗa ku da wanda ya dace, kuma ka je da kanka, kada ka bar wa matarka ita kaɗai. Babu abin kunya a ciki. Sarkin Ingila George na 6, wanda ya hau mulki a 1936, da in'ina mai tsanani ya tashi, ya yi shekaru yana aiki da wani mai gyaran magana ɗan Ostireliya, Lionel Logue, kuma da wannan bakin ya yi wa jama'arsa jawabi ta rediyo ranar 3 ga Satumba, 1939, da aka shiga yaƙin duniya na biyu. Annabi Musa, Alaihissalam, da aka aike shi wurin Fir'auna, cikin abin da ya roƙi Ubangijinsa har da a warware masa ƙullin da ke harshensa domin a fahimci maganarsa. Na ba jikana wannan labarin, ya ce in sake ba shi.

Sai batun waya, wanda zan taƙaita domin na san ka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara 1 gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Na ga ana miƙa wa auta waya don ya yi shiru, wannan a daina. Amma wayar da ta fi damuna ita ce ta hannunka da daddare. Ba na raina aikinka, da shi kake riƙe da su kuma kake taimaka mana, Allah Ya ƙara buɗi. Minti 10 kawai nake nema wa yaron nan a kowace rana, kai da shi, ba waya, ba yayarsa, ba ƙaninsa, shi zai zaɓi abin da za a yi kuma shi zai ja hirar.

Matarka ta yi ƙoƙari ƙwarai da yaran nan, na gani da idona a makonni biyun da suka yi a wurina, kuma ya kamata ta ji haka daga bakinka. Ka ba ta wannan takardar ta karanta, domin ban rubuta wani abu da nake ɓoye mata ba.

Ƙwan sun ƙyanƙyashe shekaranjiya, mahaifinka ne ya fara ganinsu da sabon idonsa. Kada ka gaya wa yaron. Idan ka kira mu ranar Lahadi, ka miƙa masa wayar in gaya masa da kaina, sannan ka zauna kusa da shi ka ji abin da zai ce. Takalminsa ɗaya da ya bari a ƙarƙashin gado yana nan, zan aiko da shi idan an sami mai zuwa.

Mahaifinka yana gaishe ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya mana su.

Mahaifiyarka.